Gamanar Inna

Gidan Sori, bayan girbi

Yaya Abdulhadi,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, da kai da Nazira da yara, ina jikin Inna?

Tunda ka toshe lambata, ga takarda ta hannun Mudi direba, sai in ga yadda za ka toshe ta. Ranar kasuwa na gamu da Jaye, wanda tun zamanin ubansa suke sauka da shanu a gamanar Inna, 'yar gonar nan tata, in an gama girbi, shanu su ci kara su bar mata taki, ita kuma ta ba su dami. Ya ce bara bai biyo ta can ba, bana ya kai shanunsa kamar kullum, wani ƙato ya fito da sanda ya kore shi, wai gonar Ɗan Azumi ce, ɗan kasuwar Agiye. Jaye ya tambaye ni, "Safina, ko tsohuwa ta rasu ne ba a gaya mani ba?" 

Yaya, gamanar nan ita kaɗai Inna ta mallaka. Tun da idonta ya rufe, daga nan take cin tuwo ba ta roƙi kowa ba. Yaushe ta zama ta mutumin Agiye? Ruwa ba ya tsami banza. Ka ba ni amsa, kuma kada ka cika ta da wa'azi, na san hali.

Ki huta lafiya nake so a ce wa Inna, a kunnenta na dama da ke ji.

Ƙanwarka,
Safina

Gangara

Zuwa ga ƙanwata Safina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan dubun gaisuwa irin ta addinin Musulunci, takardarki ta iso, na karanta, na yi maki uzuri. Ƙuruciya ce.

Wato maganar mai bin shanu a daji ta fi tawa daraja a wurinki? Madalla. Ke kina can bayan Maradi kina soya ƙuli-ƙuli, daga sallah sai sallah ki zo da sabulu da ɗan zane, ki yi kuka ki koma. Wa ke kwana da tarin Inna? Wa ke kai ta likita? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Gamana tana nan inda kika san ta. Bana ma, kamar yadda ta saba, na aza Inna bisa amalanke na kai ta, ta shafa zangarniya da hannunta ta sa albarka. In kin zo ki tambaye ta. Lambarki kuwa ban toshe ba, harka ce ta yi mani yawa. Ban sani ba ko kin ji, na sa sola na kafa firigo, yanzu duk mai shan ruwan sanyi a kasuwar Gangara daga hannuna yake sha. Ki riƙa yi wa yayanki addu'a maimakon zato, domin zato zunubi ne.

Wassalam. Ki gai da maigidanki.

Yayanki,
Malam Abdulhadi

Gangara

'Yar'uwa Safina,

Ina gaisuwa, ina gajiya, ya yara? Ni ce Nazira matar yayanki. Ki yi haƙuri da rubutun, karatuna na lakol bai yi nisa ba. Shi ya karanta mani amsar da ya yi maki, yana dariya, shi ya sa na kasa haƙuri.

Wai shi ke kwana da tarin Inna! Mutumin da ko butarta bai taɓa ɗauka ba. Wannan ba komai, don Allah nake yi. Amma gamana ta tafi tun kaka ta bara. Ya je wurin mai gari ya ce Inna ta aiko shi ya sayar, za a yi mata aikin ido a Maradi. Wa zai musa wa ɗan fari? Inna kuwa ko ƙofar asibitin ba ta taka ba. Idon da aka gyara shi ne firigo.

Kin san yadda take da kaka, sai an kai ta ta taɓa hatsinta. To gonar abokinsa yake kai ta. Bara ba ta nuna ta gane ba. Bana ina wurin. Ta sauko daga amalanke ta duƙa ta ɗebi ƙasa, ta murza a hannu, ta daɗe tana murzawa. Sai ta miƙa hannu ta nufi gabas tana lalube, wajen da gawon nan nata yake, inda take ɗaure akuya. Ta yi ta tafiya cikin kara tana laluben iska. Na ce, "Inna, me kike nema?" Ta ce, "Ba komai, ɗiyata. Allah ya sa albarka. Ku mai da ni gida." Ranar ba ta ci abinci ba. Shi kuwa yana bisa amalanke yana latsa waya.

Rumbunta wayam yake. Tiya-tiya nake auno mata daga kuɗin ƙosaina. Firigon ma ya mutu tun watan jiya, yanzu kaji ke kwana bisansa. Ki zo, Safina. In ya sake ni saboda wannan takarda, ya sake ni, dama zaman ya ishe ni.

Taki,
Nazira

Gidan Sori

Yaya,

Gaisuwa don Inna ta koya mani gaisuwa, ba don ka cancanta ba.

Tir! Ashe haka ka lalace? Ɓarawon da ke haura katanga ya fi ka mutunci, shi dai yana tsoron a gan shi. Kai ka zaɓi wadda ba ta gani. Ka ɗauki uwarka bisa amalanke ka kai ta gonar wani, ka tsaya tana sa wa hatsin wani albarka, sannan ka zauna ka rubuto mani zato zunubi ne. Malam Abdulhadi! Wa ya naɗa maka malantar, mai gyaran firigo?

Ƙasar da Inna ta nome tana goye da kai ka mai da ƙanƙara. Ta narke, mutanen kasuwa sun sha sun yi fitsari. Ga abin da ka yi da gumin Inna, sai ka yi alfahari.

Kada ka tsaya neman wanda ya gaya mani, duk Gangara an sani, kai kaɗai ke zaton kana da asiri. Na aika wa mai gari. Ya ce in mai gona ta faɗa da bakinta, gaban shaidu, cewa ba ita ta sa a sayar ba, ciniki ya tashi, a mayar mata da abinta, kai da Ɗan Azumi ku ƙarata a wurin jandarma. Kalma ɗaya ake nema daga bakin Inna. Ina nan tafe ranar kasuwarku. Ka wanke babbar rigarka.

Safina

Gangara

Ƙanwata, 'yar uwata ta ciki ɗaya,

Sallama da gaisuwa. Don Allah, don Annabi, ki sassauta. Kuskure ne, kuma da niyyar alheri na yi, na ce in firigo ya kawo riba in saya mata wadda ta fi. Kasuwa ce ta juya. In aka kai ni jandarma, wa aka tozarta? Sunan gidanmu ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki tuna ni na riƙa kai ki lakol bisa kafaɗa.

Jiya na shiga wurin Inna na zauna, mun daɗe muna hira, har na matsa mata ƙafa. Ta ji tausayina ƙwarai. Ki yi tunani kafin ki sa tsohuwa tsayawa gaban maza.

Yayanki mai ƙaunarki,
Abdulhadi

Gidan Sori

Abdulhadi,

Mun iso lafiya, Inna na barci a ɗakina.

Barka da arziki, ka ci. Mai gari ya tambaye ta, ya sake tambaya, har ya kira sunanta ya ce, "Baturiya, ki ji tsoron Allah, gonarki ce." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni na ce a sayar." Matar da ko a cinikin gyaɗa ba a taɓa jin ta yi ƙarya ba, ka sa ta yi a gaban gari, da furfurarta. Kai kuma ka shafa fatiha, ka bi mutane kana ba su hannu kana murmushi. Na gan ka.

Buhun geron da Mudi zai sauke maka ba ni na aiko ba. Wanda na saya mata ne. Tun daga Agiye take damuna, wai ta baro wancan ba ko tsaba a gida, ba za ta iya haɗiye tuwo ba sai an raba an kai maka. Na ce a'a, ta ƙi cin abinci. To ga shi nan.

Rabon bakinta ne. Ci, ai ka saba.

Safina