Gidan da Sabo zai saya

Daren Laraba, Sentul

Tun la'asar ake tafka ruwa, barci ya ƙi zuwa.

Yau na raka taubashina Alhaji Sabo duba gidan da zai saya, ni ne tafinta. Tun da ambaliya ta rushe masa katanga a Haɗeja ya sayar da gidansa har da fadama, wai zai zuba kuɗin a nan ƙasar waje, ya samu takardar zama, ya kwaso iyali.

A bayan labule na ga shatin ruwa a bango, daidai ƙirjina, fenti bai gama ɓoye shi ba. Na tambayi tsohon da ke sayar da gidan. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma barin ƙasar zai yi, ya gaji da kwana yana sauraron kogi.

Na faɗa wa Sabo. Ya tuntsire da dariya. "Kai, bawana! Shekaranjiya ka ce ɗan itacen nan durian maganin basir ne, na ci na kwana ina gumi. Yau kuma kogi?"

Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Ya ce in fara koyon alwala tukuna.

Gobe da hantsi zai sa hannu. Duk garin nan ni kaɗai ya sani, ni kuwa tun muna yara bai taɓa jin maganar kirki a bakina ba. Ga shi can a waya, yana ce wa Hajiya matarsa ta fara haɗa kayan yara.