Ba Tantabaru Nike So Ba

Daren Talata

Na kasa barci, har yanzu kunnuwana zahi suke.

Yau 'yan lajna, wato kwamiti, sunka zo daga Sinnar don su ji abin da garinmu ke buƙata. Maza sun cika rakuba, wato rumfar makaranta, mu mata muna can baya. Wannan ya ce hanya, wancan ya ce fili. Ba wanda ya tuna makarantarmu ta 'yan mata ba ta da bayi, sai mu riƙe fitsari har gida. Saboda haka ne ma ƙawata Sa'adiyya ta daina zuwa.

Habboba, kakata, ta zungure ni. "Tashi, ke mai Larabci, hwaɗa musu!"

Na miƙe, na ce muna son hammam, bayi ke nan da Larabci. Amma wajen hwaɗa, harafin mim guda ya ɓace. Mai rubutun ya ɗago kai: "Hamam? Ya bitti, ɗiyata, tantabaru kike so?"

Rakuba duka ta ɗauki dariya. Na zauna, na ja mayahi na ruhe fuska. A littattafan da nike karantawa, nan ne wani saurayi ke tashi ya kare yarinya. Ba wanda ya tashi.

Gobe za su sake zama kahin su koma. Tun isha'i nike maimaitawa cikin matashi: ham-mam, ham-mam. Habboba ta ce, "Ke, mi kike ci cikin duhu?"

Su yi ta dariya. Gobe a gaba zan zauna, kuma sai na ga ya rubuta da idona.