Na Jawo Kossi Daga Kwari

Lahadi da dare, Zongon Lome

Yanzu muka dawo daga tseren gudu a garin Kpalime, raina a ɓace. Mutum uku kawai za a ɗauka a ƙungiya, kuma ni ne na uku a hawan dutsen cikin kurmi, ruwa yana zuba. Sai Kossi, abokin guduna, ya zame ya faɗa kwari, yana kira, "Yaya Sani, taimake ni!" Na koma na jawo shi. Dab da ƙarshe ya bangaje ni ya wuce. Koci ya rubuta sunansa, aka sa mu tafa masa da waƙar jam'iyya mai mulki.

A mota Kossi ya miƙo mini ayaba. Na karɓa na ci saboda yunwa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.