Wanda Ya Tuno da Dokar Fitar Dangi

Zuwa ga Inna Trudi,

Gaisuwa mai yawa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na san ba kya son waya, ni kuma tun ranar taron gari ban iya bin titi ba don kunya, shi ya sa na rubuto.

Kin san abin da na roƙa bai taka kara ya karya ba: a mayar da shugabancin garin nan da nake riƙe da shi aikin rabin yini mai albashi, in samu in ajiye aikin gidan tsofaffi. Ba zan iya ci gaba da wanke tsofaffi da safe, da yamma in zauna kan rikicin bututun ruwa ba. In ba a amince ba, dole in sauka.

Da aka zo maganar albashin na fita daga zauren makaranta kamar yadda aka saba, tunda ba a ɗaga hannun ƙuri'a a gaban mai abu. Ina tsaye a baranda sai na ga ƙofa ta buɗe, 'yan'uwana suna fitowa, da surukaina, da matan ƙannena, har da tsohuwa mahaifiyar mijina Ueli da sandarta. Rabin masu goyon bayana! Wai an tuno wata tsohuwar doka da ta ce dangin mai abu ma su fita. Dokar da ko kakana bai ga an yi aiki da ita ba. Aka kayar da ni da hannaye kaɗan.

Ke ba jinina ba ce, goyona kika yi, don haka kina ciki. Wa ya tono dokar? Kowa na tambaya sai ya kalli takalminsa. Ueli ma ya ce in bar zancen. Bawan Allah, shi ya yafa mini rigarsa a barandar nan.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Regula

Zuwa ga 'yata Regula,

Na amsa gaisuwarki. Ƙafa da sauƙi, sai dai hawan tudu.

Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi a ƙirga. Ba na son shiga tsakanin mace da mijinta, amma kin tambaye ni kai tsaye, kuma abu ne da aka yi a gaban gari, ba a ɗaki ba.

Ueli ne. Ƙofa na rufuwa a bayanki ya miƙe da hularsa a hannu, ya ce wa magatakarda shi mutum ne mai son gaskiya, ba ya so gobe a ce dangi ne suka yanka wa matarsa albashi. Ya karanto dokar daga kai, ko tuntuɓe bai yi ba. Wannan ba haddar yini ɗaya ba ce. Ruedi mai mahauta ya ɗaga murya ya ce, "Kai Ueli, in an fitar da danginku wa zai rage, kujeru?" Aka yi dariya, har wasu suka tafa wa mijinki. Ni ban tafa ba. Bakina ne kawai ya kasa rufuwa.

Na ɗaga miki hannu har kafaɗata ta yi tsami. Abin da na gani ke nan. Abin da ke zuciyarsa kuwa ban gani ba, kada ki ɗora ni shaida a kansa.

Allah Ya ba ki sanyin zuciya.
Innarki, Trudi

Inna,

Ina gaishe ki. Daga gidan Yaya Dorli nake rubutu, a can bakin tafki.

Na tambaye shi yana cikin juya cuku a rumbu. Bai ko musa ba! Ya ce, "To, ƙarya na yi? Ba doka ba ce?" Na ce doka ce, amma me ya sa sai ranar? Ya goge hannu ya ce, "Regi, tunda kika hau kujerar nan yaushe rabon da mu ci abinci tare? In sun biya ki, sun saye ki ke nan gaba ɗaya. Gara ki sauka ki dawo gida."

Inna, da a kicin ya faɗa mini haka, wallahi da na saurara, wataƙila ma in yi kuka in yarda. Amma ya tara gari ya yanke mini hukunci, aka kuma tafa masa.

Ranar Juma'a ake rufe karɓar sunayen 'yan takarar shugabancin gari. Ban san ko in bar sunana a ciki ko in janye ba. Kada ki gaya masa inda nake.

Taki, Regula

'Yata,

Gaisuwa. Ueli ya hau tudun nan jiya, ya zauna har shayinsa ya huce a gabansa. Ya rame. Ya tambaye ni inda kike. Na ce na sani, kuma ba zan faɗa ba.

Ki rubuta masa ko layi biyu ne, mijinki ne. Sunanki kuwa, ni ban ce ki janye ba.

Innarki, Trudi