Hannun da Nake Ci da Shi Take Son Yi wa Ado

Doña Perla, don Allah ki taimake ni da shawara kafin bakina ya suɓuce in faɗi abin da zan zo ina da-na-sani. Na gaji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa ba tare da ya yi mini dariya ba.

Ni mai sayar da empanada ce a bakin babban titi, kusa da garin Famaillá. Shekarata hamsin da shida. Tun ina budurwa nake kwaɓa fulawa, in yanka nama da wuƙa ƙanana-ƙanana, in cusa shi a cikin kwaɓin, in kitse bakin, in jefa a tanderun laka da mahaifina ya gina. Ban taɓa zama mai kwalliya ba. In na wanke fuska na ɗaure gashi, to na shirya, ko biki ne ko coci.

Matsalata 'yata ce, Noelia, kuma ki fahimce ni, yarinyar kirki ce. Shekara biyu da suka wuce shagon wayar da take aiki ya rufe, saurayin da ya yi mata alkawari ya tafi birnin Córdoba bai ƙara waiwayo ba. Sanyin waccan shekarar kaf a ɗaki ta yi shi, labule a sake, ko wanka sai na yi da gaske. Ban san tsoro ba sai a lokacin. Daga baya ta shiga makarantar koyon gyaran gashi da farce a cikin birni, sai ga yarinya ta dawo tana dariya, tana cin abinci, tana waƙa a banɗaki. Na gode wa Allah, har yanzu ina godewa. Abin da ban sani ba shi ne ni ce zan zama abin gwajinta.

Da kaka ta shigo, a watan Afrilu, ta zo da hotuna a waya wai bana launin tagulla ake yayi, irin na ganyen da ya faɗo. Ta ce furfurata tana tsufar da ni. Na zauna. Da aka wanke kan, Doña Perla, ba tagulla ba ce, kabewa ce tsagwaronta. Mijina Polo, direban motar rake ne kuma bakinsa ba ya da birki, ya tsaya a ƙofa ya tambaye ni wai an dawo da bikin kanibal na shigar ban dariya ne ba a sanar da shi ba. Ni kuwa na dubi madubi na ce mata ya yi kyau.

A watan Mayu sai gira. Wai yanzu tajewa ake yi sama a manne ta, ta tsaya cak. Mako guda na yi ina yawo da fuskar wadda aka ba labarin mamaki. A haka na je zaman makokin wani maƙwabcinmu, matar mamacin ta riƙe hannuna tana tambayata ko wani abu na gani a jikin akwatin gawar. Bayan gira sai jan baki ruwan hanta, wai shi ne na sanyi, kuma ba ya gogewa. Ƙarya ne, yana gogewa, a jikin tsinken shan mate, shayin ganyen nan namu da ake zuƙa da tsinke ɗaya, yake gogewa. Muna zaune ana zagayawa da mate kamar kullum, da ya iso hannun ƙanwar mijina Zulema sai ta ɗaga tsinken sama kowa ya gani, ta sa gefen rigarta ta goge a hankali, tana cewa wai ba ta san da sarauniyar kyau take zaune ba. Zulema da ba ta taɓa wanke kofi a gidana ba! Duk na haɗiye.

Abin da ya kawo ni gare ki shi ne farce. Watan jiya ta manna mini farcen kanti dogaye, ruwan hanta su ma, da 'yan duwatsu masu ƙyalli a kan na tsakiya. Wai na mako ɗaya ne kawai, ta ɗauki hoto. Ke kin san aikinmu. Kowace empanada da irin kitson bakinta: ta nama daban, ta kaza daban, ta tumbi daban. Da kitson mai saye yake gane abin da ke ciki, ni ma da shi nake ganewa in sun fito daga wuta. Da babban yatsa da manuni ake yi, tsokar yatsan ce take jin kaurin kwaɓin. Da waɗannan faratan na kasa. Ina hudawa, romo yana tsiyaya, kitson ya zama iri ɗaya duka, wato babu iri. Wani direba da ya shekara goma yana saye a wurina, wanda ko warin tumbi ba ya so, ya gatsa ya tofar a gabana. Bai yi faɗa ba, ya ce kawai, “Doña, yau ba ke ba ce.” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a kuma na duba hannuna na ga dutse ɗaya babu. Na riga na cusa na kitse na ranar gaba ɗaya. Na lalube teburi, na tankaɗe fulawa, na share ƙasa, babu. Ina zan sayar wa mutum abin da zai fasa masa haƙori, ko yaro ya haɗiye? Na juye duka na ba karnuka, na rufe rumfa, na ce wa mutane ba ni da lafiya. Washegari na tsinci dutsen a aljihun rigar aikina. Na zauna a bayan tanderu na yi kuka na takaici. Noelia ba ta san wannan ba. Na ce mata faratan ne suka fara ɗagowa, ta cire mini, kuma ƙarƙashinsu nawa sun yi laushi kamar ɓawon albasa, kwana da kwanaki gishiri yana shiga yana yi mini zafi.

To yanzu ga inda muke. Makarantarsu za ta yi bikin nuna kwalliyar sanyi ranar takwas ga Yuli, tsakiyar sanyinmu na nan. Kowace ɗaliba za ta kawo mutum ɗaya ta gyara ta tun daga gashi har farce, malamai su duba, waɗanda suka burge a haɗa su da manyan shaguna. Noelia ta riga ta ba da sunana ba ta tambaye ni ba. Kuma ki ji abin da za ta yi mini: wai yanzu ruwan azurfa ake yayi, za ta sa sinadari ta cire kabewar ta mayar da kan fari. Furfurar da Allah ya ba ni kyauta, ta rine a Afrilu, yanzu za ta ƙona mini fatar kai ta dawo da ita! Wannan ma zan iya jurewa. Amma faratan za su fi na da tsawo, kuma tun kwana biyu kafin bikin za a manna. Doña Perla, washegarin bikin tara ga Yuli ne, ranar 'yancin ƙasa. Ke kin san babu gidan da ba a cin empanada ranar. Mutane sun riga sun yi mini maganar wadda zan yi musu tun watan jiya, kuma daidai kwanakin da take son hannuwana su ne kwanakin yankan nama da kwaɓi.

Na yi niyyar gaya mata shekaranjiya. Na buɗe baki ke nan ta rungumo ni ta baya tana cewa sauran 'yan ajin duk ƙawayensu 'yan mata za su kai, ita kuwa tsohuwarta za ta kai, a ga yadda ake kyau. Sai na ce mata ruwan mate ya huce, in je in ɗora wani.

Polo ya ce in gaya mata kai tsaye, ai ba ƙwai ba ce. Shi ba ya gida a sanyin nan da ta yi a ɗaki, yana kan hanya da rake, ni ce na riƙa tsayawa a bayan ƙofa ina sauraron ko tana motsi. Ina tsoron in ce a'a ta koma can. Ina kuma jin haushinta, wallahi ina ji, don ta girma a gindin tanderun nan amma ba ta taɓa tambayar kanta da me nake kitsa abin da ya biya mata makarantar ba. Yaya zan yi?

Mai Hannu Cikin Kwaɓi

*

Ƙawata Mai Hannu Cikin Kwaɓi,

Na yi dariya a wurin girar, ki yafe mini, amma da na iso bayan tanderu na daina. Bari in fara da abin da ba ya buƙatar dogon tunani: ba za ki sa faratan nan ba. Mai taɓa abincin mutane ba ta da hurumin farcen kanti, da dutse ko babu dutse, ranar 'yanci ko ranar Talata. Kin yi daidai da kika zubar da abincin ranar nan, kuma ba na son ki sake shiga halin da za ki zubar.

Sai dai zan ɗan ja miki kunne. Kina jin haushin Noelia don ba ta gane ba, to ta ina za ta gane? An mayar miki da kai kabewa kin ce ya yi kyau. An kafe miki gira kin yi shiru. Kin rufe rumfa kin ce ciwo ne, kin cire farce kin ce ɗagowa suka yi. Yarinya tana koyon sana'a, mutum ɗaya tilo da take gwadawa a kanta kullum tana ce mata madalla. A iya saninta, ke kina jin daɗi ne. Gaskiya ne ya kamata ta tambaye ki kafin ta ba da sunanki, ki kuma gaya mata hakan. Amma rabin wannan tarkon da hannunki kika ɗana shi.

Tsoronki ban raina shi ba. Uwar da ta taɓa tsayawa a bayan ƙofa tana sauraron motsi ba ta mantawa. Ki dai lura, abin da ya fito da ita daga ɗakin nan aikin da ta samu take so ne, kuma aikin yana nan ko da faratanki ko babu. In kin ga alamun tana komawa, labule ya sake sauka, abinci ya ragu, to wannan maganar likita ce, ku je tare ba tare da jinkiri ba. Amma kada ki riƙa lallaɓa ta kamar mai jinya har abada. Za ta ji a jikinta, kuma zai fi a'a ciwo.

Ki yi maganar a wannan makon, kada ki bari sai bikin ya matso ta rasa yadda za ta yi. Ki zaɓi lokacin da Polo ba ya nan, don barkwancinsa ba zai taimaka ba. Ki fara da abin da za ki ba ta: za ki je, ta gyara miki gashi da fuska, ki tsaya a gaban malamanta. In za ta sa sinadarin cire launi, ta fara gwadawa a ɗan siririn gashi ta ƙeya, kuma malamarta ta duba, don kan da aka rina watanni kaɗan da suka wuce yana iya karyewa. Sannan ki ba ta labarin direban da na dutsen, duka, kamar yadda kika ba ni. Za ta ji kunya, wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi na yini ɗaya. Ki bar ta ta yi.

Hannu kuwa, ta tambayi makarantar ko za ta iya kawo wata daban don farce. Zulema, yadda kika kwatanta ta, tana da hannuwan da ba abin da zai hana su ɗaukar duwatsu. In kuma dole mutum ɗaya ne, to ta nuna abin da za a iya yi wa hannun mai aiki: farce gajere, a gyara gefensa, a shafa mai saboda tsagewar sanyi, jan farce na yamma ɗaya da za ki goge kafin ki taɓa fulawa. Matan da za su zauna a kujerarta gobe masu jinya ne, masu wanki, masu girki, masu goyo. Mai gyaran farcen da ba ta tambayar mace me take yi da hannunta ba ta daɗewa da masu zuwa wurinta.

Wata rana wata za ta ce wa Noelia, wannan bai yi mini ba. Ko dai baƙuwa ce za ta faɗa da tsawa a gaban mutane ta fice, ko kuma ke ce za ki faɗa mata a kicin ɗinku, ki kuma kasance a wurin da safe. Ki riga baƙuwar.

Allah ya ba ta sa'a ranar takwas, ya ba ki kasuwa ranar tara, ya kuma bar ku tare cikin lafiya.

Taki,
Doña Perla