Igiyar hular kwano

Uwar yara,

Na fita kina barci. Asibiti na koma wurin ƙanena.

Jiya ban faɗa miki duka ba. Da babur ya kayar da shi a gangaren dutse, hular kwanon ba ta fashe ba. Igiyar haɓa ce ta tsinke, hula ta yi nata wuri, kansa ya bugu.

Ni na zaɓa masa ita. A shago na ƙwanƙwasa ta kamar mai sayen tukunya, har na hau kanta na tsaya. Ya ce, "Yaya, ka fi ni sani." Igiyar kuwa ko ja ban yi ba.

Huluna biyu na saya iri ɗaya. Ta babban ɗanki tana bayan ƙofa, na yanke igiyarta da wuƙa. Makullin babur ɗinsa yana aljihuna. In ya tayar da rigima, ki ce ya same ni.

Ki sa ƙanen nawa a addu'a. Da yamma ya buɗe ido, ya dube ni ya ce, "Baba." Shekara tara da rasuwar Baba. Na amsa masa.