Man Giyar Motar Baba

Suame, Kumasi
12 ga Yuni

Zuwa ga yayana Twumasi,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Konadu da yara. Ubangiji ya tsare ku a can Italiya, ya warware maka maganar takardun zama da ta hana ka zuwa jana'iza. Mu nan da sauƙi. Mama ta fara cin abinci, sai dai har yanzu in an daka fufu takan ce a ajiye wa Baba nasa, sannan ta tuna.

Yaya, na ji saƙon da ka aiko ta waya, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya ƙona min rai. Ka ce ka ga hoto, mun ɗauki gawar mahaifinmu a tsohuwar motar haya kamar buhun doya, alhali ka ce a ɗauko doguwar motar gawa mai jiniya. Haba Yaya! Na san baƙin cikin rashin zuwa ne ke cin ka, shi ya sa na haɗiye fushina na zauna in rubuta maka yadda aka yi.

A asibiti, kwana biyu kafin Baba ya cika, bakinsa ya riga ya karkace amma maganarsa na fita. Ya kama hannuna ya ce kada mu sa shi a motar baƙi. Shekara ashirin da biyu yana jigilar mutane tsakanin Kumasi da Nsuta a motarsa, to ita za ta kai shi gida. Na amsa masa, ba tare da na san halin da motar ke ciki ba. Ashe giyar ta daɗe tana sulɓewa, ka san irin mai canza kanta ce. Ranar Litinin ɗin da ya faɗi, ya kwance kaskon ƙasan giya, ya tsiyaye mai, ya sa sabuwar filta, ya mayar ya ɗaure. Sayo sabon mai kawai ya rage masa, ciwon ya riga shi.

Ka san mu 'ya'ya ba mu da ta cewa a kan gawa, ta dangin uwarsa ce. Da aka zauna, Baba Gyamfi, yayansa kuma babban danginsu, ya tura Boakye ɗan ƙanwarsu ya gwada motar. Shi kuwa sarkin gaggawa ya tayar da ita, ya sa giya, ya taka totur, inji na ihu mota ko motsi. Ya dawo yana karkaɗa makulli yana cewa mota ta bi mai ita. Da na duba na ga babu ko ɗigon mai a giyar, na ce masa ba mutuwa ta yi ba, ƙishirwa take ji, kuma in ya sake taɓa makullin nan sai na ɓata masa rai a gaban kowa. Baba Gyamfi ya ce in yi hankali da bakina. Sannan ya ce ya ba ni zuwa Alhamis. In ba ta tashi ba, ko ta nuna alamar za ta tsaya da ƙaninsa a hanya mutane na kallo, a bar zancen.

Na je na ɗauko Masta Adomako, abokin Baba mai gyaran giya a Magazin, unguwar makanikai. Yana zuwa ya tambayi tsohon man da aka tsiyaye, domin Baba kullum yakan tara shi a jarka, ya auna, ya mayar da sabo daidai da abin da ya fita. Sai Mama ta dafe ƙirji. Ashe ta ga baƙin mai a bayan ɗaki, ta shafe ginshiƙan akurkin kaji da shi saboda gara. Ta fashe da kuka tana cewa ita ta hana mijinta tafiya gida. Masta ya ce mata ta share hawaye, ai ko ba komai kajinta sun fi na kowa tsaro a Suame, kuma shi tun kafin a haifi wannan jarkar yake zuba man giya. Amma da muka koma gefe ya gaya min gaskiya. In ihun da Boakye ya sa ta ya ƙona cikin giyar, ko kogi muka zuba ba za ta tafi ba.

Ranar Laraba da hantsi muka fara. Masta ya zare sandar awon mai, ya kafa mazurari a bakin bututun, ya tsiyaya jan man a hankali har lita uku. Ya ce in shiga in tayar, in danne birki kada in saki. Yaya, kujerar nan ta lotsa daidai jikin Baba, ƙafata da ƙyar take kai birki. Ya sa na riƙa jan hannun giya ɗaya bayan ɗaya, baya, tsakiya, gaba, ina ɗan dakatawa a kowanne don man ya zagaya, sannan in mayar wurin tsayawa. Inji na aiki ya zare sandar, ya goge, ya mayar, ya sake zarewa. Bai kai ba. Na ce ya juye sauran mana mu huta. Ya harare ni ya ce ashe gaggawar ba a gidan su Boakye kaɗai take ba, in mai ya yi yawa kumfa zai yi, ya fi ƙaranci illa. Haka muka yi ta yi, rabin kofi, awo, rabin kofi, awo, har inji ya ɗauki zafi, man ya tsaya a kan layi. Ya kwanta ƙarƙashi ya daɗe. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya ce ko ɗigo babu, ɗaurin Baba ba ya bukatar a ƙara masa.

Sai ya ce in sa gaba in ɗaga ƙafa. Motar ta yi jim. Can na ji ta ɗan dira, ta fara tafiya.

Ranar Juma'a muka cire kujerun baya, muka shimfiɗa zanen Baba, aka sa akwatin. Masta ne ya tuƙa, Baba Gyamfi a gefensa fuska a murtuke, ni ina baya na dafa akwatin. A hawan dutsen Mampong babu mai numfashin kirki, kowa ya kasa kunne yana sauraron giya. Ta canza, ta sake canzawa, ba ta sulɓe ba. Da muka shiga tashar Nsuta direbobi suka gane motar tun daga nesa. Ba wanda ya shirya su, suka bar lodi suka biyo mu a ƙafa, masu tallan ƙwai da burodi na kiran sunan Baba. A ƙofar gida Baba Gyamfi ya sauko, ya dafa motar, ya leƙa ta taga ya gaya wa ƙaninsa ya sauko haka nan, sun iso. A nan na yi kukan da na kasa yi tun a asibiti. Na so a ce kana wurin, Yaya, ka riƙe ni.

Ka gaishe min da Konadu, da Serwaa, da ƙaramin Oduro mai sunan Baba. Mama da Masta Adomako suna gaishe ka. Ka kira Mama ranar Lahadi bayan coci, muryarka take jira.

Ƙanwarka,
Afrakoma